Ƙwan Surukina a Bangon Zaure

Sana'ar da na fara tsayawa da ƙafata a kanta ita ce sayar da ƙwan zabi, a wajajen ƙarshen shekarun tamanin. Da damina ta sauka zabi suka fara saka, sai in tara ƙwai a zauren gidana a Karaye, in jera su a kwanduna da ƙaiƙayi, in ɗora a mota zuwa Kano. A can masu shayi ne ke jirana, da matan da ke dafawa su kai tasha. Ba ni nake bin ƙauyuka ba. Mutum biyu ne ke tara mini mafi yawan kayan, su kawo ranar kasuwa. Ɗaya wani dogon mutum ne daga Rogo, mai haƙuri har ya yi yawa. Ɗayan kuwa surukina ne, mahaifin maiɗakina, wanda ke zaune a Kurugu yana noma da kiwon zabi, yana kuma karɓar na maƙwabta ya haɗa da nasa ya aiko mini a kan jaki.

Gwajin ƙwai ba shi da wuya. Daro ne da ruwa. Mai kyau yakan nutse ya kwanta. Wanda ya kwana biyu yakan tsaya da kai a ƙasan daron kamar yana shawara. Baragurbi kuwa sai ya taso sama yana lilo, babu ko kunya. Na mutumin Rogo in ya taso, hannunsa nake mayar masa, in ɗora da faɗa. Na suruki ba a mayarwa. Mutumin da nake cire takalmi tun daga nesa in na hango shi, wanda ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kama sunansa ba, yaya zan aika masa da ruɓaɓɓen ƙwai in ce ga naka? Rami nake haƙa musu a bayan gida in binne. Faɗan da ya kamata a ce Kurugu ta sha, shi ma mutumin Rogo ke shanye shi. Rabo biyu yake ɗauka, bai sani ba.

Kuma na yi imani da faɗan nan nawa. Duk ranar da ƙwansa suka taso da yawa na yi masa tatas, mako mai zuwa sai in ga sun ragu. Ranar da suka yi kyau na yaba masa, mako mai zuwa sai su ƙaru. Daga nan na yanke cewa mutumin nan faɗa ne abincinsa, yabo kuwa ɓata shi yake yi.

Wanda ya raba ni da wannan karatu taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Ya yi boko, yana aiki a wani kamfanin takalman roba a Kano, a sashen masu duba kaya kafin a fitar. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da ɗayanmu ya kira ɗaya bawansa ba, kuma har yau ba a yanke wane ne ubangidan ba. Ya zo gida wata ranar kasuwa ya tarar ina tsaye a kan mutumin Rogo ina zazzaga masa. Ya sami buhu ya zauna, ya bari na gama, mutumin ya tafi, sannan ya tambaye ni ko zabin Rogo suna jin Hausa. Na ce me ya kawo wannan. Ya ce ya ga ina aika musu saƙo ne ta bakin mai su.

Na gaya masa yadda faɗa ke aiki da yadda yabo ke ɓatawa. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Bawana, ashe bakinka ne ke ruɓar da ƙwai. To ka daina yabon mutane, kada ka gama da zabin ƙasar nan."

Da ya gama dariyar ya yi mini bayani. Ya ce a wurin aikinsu inji ne ke zubo takalma, kuma inji ba shi da mata, ba shi da ciwon kai, ba wanda ya ɓata masa rai da safe, amma duk da haka marasa kyaun da yake fitarwa yau ba daidai suke da na gobe ba. Wata rana su ɗan hau, wata rana su ɗan sauka, haka kawai. Rana mafi muni, wadda ke bin ta kusan kullum ta fi ta dama, ko an yi faɗa ko ba a yi ba. Don haka su ba sa tsayar da inji don an sami rana ɗaya mara daɗi. Sukan ɗebi adadi ɗaya kowane lokaci, su ware masu aibi, su ɗiga ɗigo a takarda. A takardar akwai layi uku. Na tsakiya shi ne halin injin na yau da kullum. Na sama da na ƙasa kuwa shinge ne. Muddin ɗigo yana yawo a cikin shinge, kowa ya kama bakinsa. Ranar da ya tsallake, ko kuma ɗigo suka jeru da yawa a gefe ɗaya na layin tsakiya suka ƙi komawa, to wani abu ya canja, a tashi a nemo shi.

Na ce ni ba ni da takarda, kuma ba na son ta. Ya dubi bangon zaurena, wanda ba a daɗe da yi masa yaɓe ba, ya ce ga takarda nan har biyu. Bangon hagu na Rogo, na dama na Kurugu. Ya ja layi a ƙasa-ƙasa da gawayi. Ya ce kowace ranar kasuwa in ɗebi ƙwai ɗari daga kayan kowane mutum, daga sama da tsakiya da ƙasan kwando, ba waɗanda idona ya so ba. Kowane baragurbi ɗaya, faɗin yatsa ɗaya daga layin zuwa sama, in ɗiga. Mako mai zuwa in matsa gaba kaɗan in ɗiga wani. Shinge kuwa ba yanzu ba, sai ɗigon sun taru sun nuna halinsu.

Na yi, ba don na yarda ba, sai don in sami abin da zan ƙure shi da shi. Wajen ƙarshen daminar ya dawo da wata 'yar na'urar lissafi a aljihu, ya auna ɗigon da yatsana, ya danna ya danna, sannan ya kama igiya muka ja layuka da farin alli. Abin da ya fito bai yi mini daɗi ba. Duk ranakun da na yi wa mutumin Rogo faɗa har jijiyar wuyana ta tashi, babu ɗaya da ta fita shinge. Kuma layinsa na tsakiya da na surukina kusan tsayinsu ɗaya. Taubashina ya ce in biya shi ladan aiki da ƙwai, amma shi zai zaɓa a daro da hannunsa, don bai yarda da bawa ba.

Zanen ya jawo mini magana a unguwa. Wasu suka ce hatimi ne na samo daga Kano don jawo ciniki. Malamin da muke salla a bayansa ya shigo da kansa ya tsaya ya duba, ya ce shi dai a iya karatunsa bai taɓa ganin hatimin da babu harafi ko ɗaya a ciki ba, amma in yana aiki in gaya masa. Mutumin Rogo ne ya fi kowa shiga damuwa. Da damina ta zagayo ya kawo kaya na karɓa, na gwada, na ɗiga, na sallame shi ba tare da faɗa ba, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hula a hannu. Ya tambaya ko lafiya nake. Daga baya na ji ya je ya tambayi maƙwabcina ko an yi mini rasuwa.

A daminar nan ta biyu ne abin ya faru. Makonnin farko ɗigon Kurugu suna tafiya a cikin shinge kamar na bara. Sai wata rana na zuba ɗarin surukina a daro, na ga fuskar ruwan ta cika. Na auna da yatsa, na wuce layin tsakiya, na wuce shingen sama, na ɗiga a fili. Na ce wa kaina mako ɗaya ne. Mako na gaba ya sake hawa. Na bayansa ma haka. Ramin bayan gida ya cika na haƙa wani. Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda suka nutse ma ba su da ƙarko, kafin su kwana biyu a Kano sun juya. Wani mai shayi da ya daɗe yana saye a wurina ya fasa ɗaya a gaban masu karin kumallo, benci ya watse. Ya ce mini, cikin mutunci, in an sake zai nemi wani.

Hanyoyin da ke gabana ba su da yawa. In daina karɓar ƙwan surukina, duk Kurugu ta ji cewa mijin 'yarsa ya ƙi kayansa. In gaya masa, bakina ba zai iya ba. In yi shiru, Kano ta kuɓuce mini.

Ina cikin wannan sai ga surukina da kansa. Ya shigo Karaye duba wani abokinsa mara lafiya, ya biyo ya ga jikokinsa. Kamar yadda ya saba, bai wuce zaure ba. Aka shimfiɗa masa tabarma, na durƙusa daga gefe kaina a ƙasa, muka gaisa, muka sake gaisawa, ya tambayi gida da kasuwa da ruwan bana, na tambayi mutanen Kurugu ɗaya bayan ɗaya. Da na saci kallo na ga bango yake kallo.

Ya ce ya ji labarin hatimina. Na ce ba hatimi ba ne, na yi masa bayani a gajarce, ina fatan ya gaji. Bai gaji ba. Manomi ne da ya san ba kowace kunya ce ke ba da dami ɗaya ba, nan da nan ya gane. Ya yaba wa bangon hagu, ya ce wannan mutumin kirki ne, yana tafiya a hanyarsa. Sannan ya ɗaga sandarsa ya nuna na dama.

"Wannan fa, da ya haura katanga kamar akuya, wane ne?"

"Wani mutum ne, Baba."

"Na kusa ko na nesa?"

"Yana da ɗan nisa."

"To ka rabu da shi. Ko ka kira shi ka gaya masa a gaban idonsa. In nauyinsa kake ji, nuna mini gidansa ni in je. Ba za a riƙa cutar mijin 'yata ina zaune ba."

Na ce in Allah ya so za a duba. Daga bayan ƙofar cikin gida na ji wani ɗan sauti kamar an toshe baki da mayafi. Maiɗakina ce, ta kawo fura ta tsaya.

Bayan ya tafi dariyar ta ƙare mata, don ta san halin mahaifinta. In ya gano cewa shi ne akuyar, kuma a gabana ya faɗa, ba zai sake taka zauren nan ba, ƙwai kuma ya gama aikowa. Na aika wa taubashina da saƙo ta bakin direban da ke kai mini kaya. Amsar da ya aiko gajeriya ce: zane yana cewa ka tashi ne, ba ya cewa ga inda za ka. In nemi abin da ya canja a makon da ɗigo ya fara tsallakewa, kuma in gaishe masa da akuya.

Maiɗakina ce ta samo makon. Ta zo ta tsaya a gaban bangon tana bin ɗigon da yatsa tana haɗa su da abubuwan da ta tuna. Wannan makon sunan gidan maƙwabta ne. Wannan makon da aka yi ruwan da ya rushe katangar masallaci. Ta tsaya a kan na ƙarshe da ke cikin shinge, ta ce wannan kuwa makon da muka kai kwano ne.

Ruwan farko na shekarar ya nuna cewa jinkar ɗakin surukina ta gama aiki, tana zuba. Ni kuwa kasuwa ta ɗan yi mini kyau, sai na sayi kwanon rufi na ɗauki kafinta muka je aka rufa masa ɗakin, aka sa sabuwar ƙofa da 'yar taga. Shi ne ɗakin kwano na farko a layinsu. Amma mene ne haɗin rufi da ƙwai, ban gani ba sai da muka je.

Muka shirya gaisuwa, muka isa Kurugu rana tana tsaka. Surukata ta ce sai na shiga na ga yadda ɗakin ya zauna. Ina sa kai zafi ya mare ni kamar na leƙa tanda. Duk abin da mai gidan yake ji da shi ya kwaso ya kawo nan: gafakarsa a rataye, rediyonsa, babbar rigarsa ta Salla. A kusurwa kuma, daidai inda kwano ya fi kusa da ƙasa, ga kwandunan ƙwai a jere suna jiran ranar kasuwa. Da a tsohon zauren soro ake ajiye su, inda ko da azahar sanyi ke ratsa mutum. Surukata ta ce ai shi ya hana a bar su can. Ya ce ƙwan wanda ya yi rufin nan ba za su kwana ko'ina ba sai a ƙarƙashin rufinsa.

Wato girmama ni ake yi. Mako guda ƙwai na kwance a cikin wannan zafi, wasu sun fara zama 'yan tsaki, wasu sun fasa zama komai.

Yanzu na san ciwon, saura yadda za a ba da magani ba tare da mara lafiya ya san an ba shi ba. In ce a fitar da ƙwai daga ɗakin, na raina karamcinsa, kuma zai haɗa da bangon zaure. Ina fitowa na tsaya ina shafa katakon ƙofa ina yabon aikin kafinta, na auna faɗinta da taƙi, sau biyu don kada in yi kuskure.

Ranar kasuwa na je wajen masu tukwane na nemi randar da ta fi kowace ciki. Na auna ta, ta fi ƙofar da kusan taƙi guda. Mai randar ta tambaya ko gidan biki za a kai, na ce kusan haka. Aka ɗora ta a amalanke da buhun yashi muka nufi Kurugu. Na durƙusa na ce wa surukina wata dabara ce na gani, a zuba yashi mai ɗan danshi a randa a binne ƙwai a ciki, na ce bari in kawo masa tasa. Ya sa albarka, ya ce a shigar da ita ɗakin kwano.

Mazan gidan suka taru. Aka gwada ta a tsaye, ta ƙi. Aka kwantar da ita, ta ƙi. Aka karkata ta, wani ya shiga ciki yana ja, wani yana turawa, wani yana ba da umarni bai taɓa komai ba. Ina gefe ina taya su jimami. Sai surukina ya ce abu mai sauƙi ne, a kira magini ya cire katakon ya sare bango kaɗan.

Wannan ban shirya masa ba. Amma maiɗakina ta riga ta kwana biyu a gidan kafin zuwana, kuma ban san abin da suka tattauna da mahaifiyarta ba. Surukata ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta ce ɗakin da duk matan layin nan suka zo kallo, ba wanda zai sa masa gatari saboda tukunya. In randa ba ta shiga ba, ga zauren soro can da ƙofar da jaki ke wucewa da kaya. Surukina ya dubi ɗakin, ya dubi randar, ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ce to, a kai ta can.

Mako na gaba ɗigon Kurugu ya sauko ya tsaya a bakin shinge. Na bayansa ya shiga ciki. Daga nan ya koma yawonsa na da, yau sama da layin tsakiya, gobe ƙasa. Mai shayina bai nemi wani ba. Taubashina da ya zo ya ga bangon ya ce a kamfaninsu da an ƙara mini girma, amma tunda bawa ne ni, ya isa a ce mini sannu.

Sai da aka fara yankan gero surukina ya sake zuwa. Aka shimfiɗa tabarma, na durƙusa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Ya juya ya daɗe yana kallon bangon dama, yana bin ɗigon da kan sandarsa, daga inda suka haura har inda suka dawo.

"Mutumin naka ya shiryu ke nan."

"Ya shiryu, Baba."

"Ka yi masa magana?"

"Ban yi ba."

"Ka kyauta da ba ka bi shawarata ba." Ya gyara zaman hularsa. "Ni ma akwai wani da nake so a isar wa da saƙo, yana da ɗan nisa. A ce masa ran da zai sake auna ƙofar mutane da taƙi, ya fara duba ko akwai mai kallonsa ta taga."

Ban ɗago ba. Na ce za a gaya masa.

Ya sha furarsa, ya kira jikokinsa ya raba musu gyaɗa. Da zai tashi ya tambaya ko ina da sauran farin allin nan, don akwai wasu maƙwabta biyu da ke kawo masa ƙwai da yake so ya san halinsu, kuma zauren soro yana da bango. Na ba shi alli, na haɗa masa da igiyar. Jakin Kurugu ya ci gaba da zuwa kowace ranar kasuwa har shekarar da na bar ƙwai na koma hatsi.